Kwamfuta Ta Tashi Amma Monita Babu Hoto: Yadda Za Ka Gano Mai Laifi Kafin Ka Kashe Kuɗi

Abin da ke ba ni takaici a harkar nan shi ne mutum ya kunna kwamfutarsa, fanka tana juyawa, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin, kawai sai ya yanke hukunci cewa katin girafik ɗinsa, wato abin da ke haɗa hoto ya tura wa monita, ya ƙone, ya fara lissafin kuɗin sabo. Katin nan kuwa shi ne mafi tsada a cikin duk abubuwan da ake zargi, kuma sau da yawa ba ruwansa. Kafin hoto ya iso idonka sai ya bi hannu biyar: wutar da ke ciyar da na'urar, katin kansa, direba, wato manhajar da Windows ke magana da katin da ita, kebul, sannan monita. Ko wanne a cikinsu ya samu matsala abin da za ka gani kusan iri ɗaya ne. Saboda haka aikinka shi ne ka riƙa cire su daga zargi ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai araha, kuma don Allah ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya kana gwadawa. In ka canza kebul ka cire ram (siraran sandunan ƙwaƙwalwar aiki na kwamfuta) ka goge direba duk a tashi guda, ko da hoton ya dawo ba ka san me ya gyara ba, gobe in ya sake ɗaukewa ka koma farko.

Fara da monita ita kaɗai

Cire kebul ɗin hoto gaba ɗaya daga bayan monita, ka bar mata na wuta kawai, ka kunna ta. Monita mai lafiya za ta nuna sunan kamfaninta, sannan ta rubuto maka "No Signal" ko "Check Signal Cable" ko wani ɗan akwati yana yawo. Danna madannin menu nata. In menu ya fito tsaf, launinsa daidai, babu layi-layi, to gilashinta da fitilarta lafiya lau suke, matsalar tana wani wajen. In kuwa layukan da kake kuka da su suna nan har a kan menu ɗin alhali babu kwamfuta a haɗe, ka wanke katinka, monitar ce.

Wani lokaci fitilar madannin tana kamawa, hoto ya ɗan walƙa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ɓace. Ɗauko tocilan wayarka ka haska gilashin daga gefe, ka matso da fuskarka sosai. In ka hango hoton dishi-dishi a ciki, ma'ana fitilar bayan gilashin ce ta mutu ko kuma bod ɗin da ke ba ta wuta, a tsofaffin monitoci yawanci kafasito ne suka kumbura kansu ya yi tudu. Gyara ne mai sauƙin kuɗi a wajen mai gyaran talabijin. Amma kar ka buɗe da kanka in ba sana'arka ba ce, babban kafasiton da ke ciki yana riƙe wuta ko bayan an zare soket, kuma yana jan mutum da gaske.

Sai maganar mashiga. Monita mai HDMI biyu da VGA da DisplayPort ba kowace ce ke gane inda ka soka da kanta ba, nemo madannin da aka rubuta Source ko Input ka zaɓa da hannunka. Ƙaramin abu ne amma ya mayar da mutane da yawa gida daga hanyar shagon mai gyara.

Yanzu zagaya bayan kwamfutar ka duba inda ka soka kebul ɗin, nan ne aka fi yin kuskure. Akwai ramukan hoto a sama, a tsaye, kusa da ramukan USB da na intanet, waɗannan na madabod ne, wato babban allon da komai na cikin kwamfutar ke haɗe a kansa. Akwai kuma waɗansu a ƙasa, a kwance, su ne na katin girafik. In akwai kati a ciki, a na ƙasan za ka soka. Yawancin madabod da sun ga kati sai su kashe nasu ramukan. Kuma akwai furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ba su da girafik a cikinsu kwata-kwata: na Intel masu harafin F a ƙarshe kamar i5-12400F, da na AMD irin su Ryzen 5 3600 da 5600X. Irin waɗannan ko shekara za ka yi kana soka HDMI a madabod ba abin da zai fito. Amma Ryzen 5 5600G, mai G ɗin nan, yana da nasa.

Kebul kuma kar ka yarda da shi don kawai ka ga jikinsa sumul. Aro wani a wajen maƙwabci, ko ka cire na dikoda ka gwada. Na VGA, mai shuɗin kan nan mai ƙafa 15, juyo shi ka kalli ƙafafun da kyau ko wata ta lanƙwashe. Ƙafa uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, shi ya sa in ka ga sikirin ya koma ruwan hoda to koren ne ya yanke, in ya koma ruwan ɗorawa shuɗin ne, kuma in kana taɓa kebul ɗin launin yana dawowa yana tafiya ba sai an faɗa maka ba. Ɗaure sukurorinsa biyun nan. Na DisplayPort da yawa suna da ƙugiya, sai ka danna kan kafin ya fita, kar ka fizge shi ka ɓalle ramin katin.

Maganar adafta ita ma tana cin mutane. Katunan NVIDIA daga jerin GTX 1050 da 1060 zuwa sama sun daina fitar da siginar tsohon yayi da VGA ke aiki da ita, don haka ɗan farin adaftan nan na DVI zuwa VGA da ba komai a cikinsa sai waya ba zai yi aiki a kansu ba. Wanda kake buƙata shi ne mai ɗan akwati da cif a ciki, HDMI zuwa VGA. Kuma hanya ɗaya yake bi: wanda aka yi don HDMI ya shiga VGA ya fita ba ya juyawa ya yi akasin haka. Ka faɗa wa mai shago wanne rami ne a kwamfuta wanne ne a monita kafin ya miƙo maka.

In kana da talabijin mai HDMI a gida ka ɗauki kwamfutar ka haɗa da ita. Hoto ya fito a talabijin? Monita ce ko kebul. Bai fito ba? To yanzu ne za mu buɗe akwati.

Cikin akwati

Kashe, zare soket daga bango, ka danne madannin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ta fice. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe jiki ke tara wutar nan mai tsartuwa.

Kafin ka cire komai saurara tukuna ka kuma duba. Madabod na zamani da yawa suna da 'yan fitilu huɗu a gefe an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. In ka kunna za su riƙa kamawa bi da bi, wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda abin ya maƙale. Tsofaffi kuma ƙara suke yi in akwai ɗan lasifika a jiki, a kan da yawansu doguwar ƙara ɗaya da gajeru biyu ko uku na nufin girafik, amma kowane kamfani da tsarinsa, Dell da HP ma har da ƙyaftawar fitila suke amfani, nemi littafin samfurinka a intanet ka ƙirga. Wata dabara: danna Caps Lock ko Num Lock a kibod. In fitilar tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, hoto ne kawai bai iso ba. In ko gezau, to ba ta ma gama tashi ba, kuma a nan ram ne na farko da nake zargi kafin kati.

E, ram. Mutane na mamaki amma ram da bai zauna daidai ba ko ƙura ta shiga tsakaninsa da raminsa baƙin sikirin yake bayarwa sak irin na mataccen kati. Cire su duka, ka goge ƙafafun nan masu ruwan zinare da kilinan fensir a hankali, ka share ɓurɓushin, ka mayar da guda ɗaya tak ka danna har sai ka ji ƙas ta kowane gefe. Kunna. Bai yi ba, canza rami, sannan canza ram ɗin. In sabon haɗi ne mai DDR5, musamman Ryzen 7000, tashin farko yana iya ɗaukar mintuna sikirin na baƙi yana daidaita ram, ka yi haƙuri ka ba shi lokaci kar ka yi ta kashewa.

Sai katin. Kwance sukurun da ya riƙe shi a jikin akwati, ka danna 'yar ƙugiyar da ke ƙarshen dogon ramin PCIe, sannan ka ɗago shi a miƙe. Kar ka manta da ƙugiyar nan, ana fizgo kati har da ramin a biyo. Goge ƙafafunsa kamar yadda ka yi wa ram, hure ramin, ka mayar ka danna har ƙugiyar ta kama. Manyan katuna masu fanka uku nauyinsu na sa su sunkuya da daɗewa, gefen ciki ya ɗan zame daga ramin, kuma in an ɗauko kwamfutar a bayan mashin ko a but ɗin mota a hanya mai gargada wannan shi ne abu na farko da za ka duba.

Tunda katin yana hannunka, yi gwajin da ya fi kowanne raba gardama: in furosesarka tana da girafik nata, bar katin a waje, soka kebul a madabod ka kunna. Hoto ya zo, to madabod da ram da furosesa lafiya, saura kati ko wutar da ke ciyar da shi.

Wutar nan ita nake so mu daɗe a kai domin ita ce ake yawan tsallakewa. Ramin PCIe wat 75 kawai yake iya bai wa kati. Shi ya sa ƙananan katuna irin GT 1030 da yawancin GTX 1050 Ti da GTX 1650 ba sa neman ƙarin waya. Wanda ya fi haka ci sai an ba shi waya daga fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta: mai ƙafa 6 tana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 tana ƙara 150. GTX 1060 wat 120 yake ci, RX 580 kuwa 185, kuma fawa fak mai wat 500 ake ba da shawara a haɗa shi da shi. To ga inda matsalar take a wajenmu: kwamfutocin ofis na tokumbo da suka cika kasuwa, siraran Dell OptiPlex da HP ɗin nan, da yawansu fawa fak ɗinsu wat 240 ne ko ƙasa da haka kuma babu wayar kati a jiki. Sai mutum ya sayo babban kati ya nemo adafta daga wayar SATA, wadda ke ba had-disk wuta, ya jona. Wayar SATA ba a yi ta don wannan nauyin ba, abin da take iya ɗauka bai kai 75 ɗin ba, ko dai kwamfutar ta riƙa mutuwa da zarar ka buɗe gem, ko wata rana ka ji ƙaurin roba. Kar ka yi. In irin wannan akwatin gare ka, nemi katin da ba ya neman ƙarin waya.

Kuma ka lura akwai waya mai ƙafa 8 iri biyu a fawa fak: ta furosesa wadda ke rabuwa huɗu da huɗu, da ta kati wadda ke rabuwa shida da biyu, galibi an rubuta PCI-E ko VGA a kanta. Ba ɗaya ba ne, tsarin wutarsu ya bambanta, in ka ji tana yi maka gardama wajen shiga kar ka tura da ƙarfi. Masu sababbin katunan RTX masu waya mai ƙafa 16 kuma ku tura ta har ƙarshe ba tare da barin ko ɗan tsagi ba, narkewar da aka yi ta gani a RTX 4090 a 2022 yawanci rashin shigar wayar sosai aka danganta ta da shi.

Abu ɗaya kuma game da kayan da aka shigo da su daga Amurka: tsofaffin fawa fak suna da wani jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Duba shi kafin ka soka a karon farko, in yana kan 115 ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Alamar fawa fak mai rauni kuwa ita ce komai lafiya kana rubutu ko kallo, amma da ka ɗora nauyi sikirin ya ɗauke ko na'urar ta sake tashi da kanta. In a kan janareto kawai abin ke faruwa, ko lokacin da wuta ta zo rabi-rabi fanka na juyawa da ƙyar, to ka nemi sitabilaiza ko UPS kafin ka zargi kowa.

Fankar kati ba ta juyawa ba hujja ba ce cewa ya mutu. Katunan zamani da yawa suna tsayar da fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 sannan su tashe ta.

In duk wannan bai yi ba, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo a madabod, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar, zai mayar da saitin bayos (BIOS, manhajar madabod da ke tashi kafin Windows) yadda ya zo daga kamfani. In na'urar tana yawan manta kwanan wata sayi sabon batirin kawai. Gwaji na ƙarshe shi ne ka kai katin wajen aboki ko shago a saka a wata kwamfutar mai isasshiyar wuta. Sai ya ƙi a can ma sannan za ka ce ya mutu.

Hoto na zuwa da farko, da Windows ya shigo sai ya ɗauke

Wannan labari ne mai daɗi, domin in har kana ganin tambarin Dell ko Asus ko kana iya shiga bayos, kati da kebul da monita duk suna magana da juna. Galibi matsalar direba ce ko saiti.

Fara da danna madannin Windows na kibod da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙyafta, direban girafik ne ya sake tashi. Bai yi ba, danna Windows da P, ka danna kibiyar ƙasa sau ɗaya ka buga Enter, ka maimaita, domin wani lokaci Windows yana tura hoton ne zuwa sikirin na biyu da babu shi, musamman in ka taɓa haɗa furojekta. In monita tana rubuta "Out of Range" ko "Input Not Supported", an ɗora mata girman hoto ko saurin da ya fi ƙarfinta, misali monitar da iyakarta 1366x768 a 60Hz aka ce ta yi 1920x1080.

Maganin duka shi ne Safe Mode, wato tayar da Windows ba tare da direban katin ba. Tunda ba ka ganin komai, kunna kwamfutar, da ka ga Windows ya fara juya ɗigonsa ka danne madannin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu zuwa uku, za ta kai ka shuɗin shafin gyara. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4 don Safe Mode, ko 3 in ƙaramin hoto kawai kake so don ka gyara girman.

A cikin Safe Mode in matsalar ta fara ne bayan sabunta direba, shiga Device Manager, Display adapters, ka buɗe katin, ka danna Roll Back Driver. In madannin a dushe yake, ko kuma ka sauya daga katin AMD zuwa NVIDIA ko akasin haka, yi wankin gaba ɗaya da DDU, manhaja ce kyauta da ke share duk ragowar tsohon direba. Ka fara sauke sabon direban daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel da kansu ka ajiye, sannan ka katse intanet kafin ka kunna DDU, in ba haka ba da ta tashi Windows zai riga ka ya cusa nasa. Ni ba na ba kowa shawarar manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da danni ɗaya, sau da yawa su ke jawo matsalar. Kuma tsohon kati ba ya cin sabon direba: NVIDIA ta daina sakin sababbin direbobin gem na yawancin katunan GTX 600 da 700 tun 2021, sai ka nemi na jerin 470, GT 730 ma kala-kala ne, akwai tsohon samfurin da direbansa ya tsaya a 391.35. Zaɓi samfurinka daidai a shafinsu.

In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter maimakon sunan katinka, babu direba ke nan, shi ya sa komai ya yi ƙato-ƙato. In kuma alamar motsin rai ce mai ruwan ɗorawa da Code 43, Windows ne ya tsayar da katin don ya kawo ƙorafi. Gwada wankin DDU, in ya dawo bayan direba mai tsabta sai a fara tunanin katin kansa ko bayos ɗinsa da aka taɓa.

Akwai kuma wanda sikirin zai daskare, ya yi baƙi, ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Windows daƙiƙa 2 yake bai wa kati, in bai amsa ba ya sake tayar da direban, in ya kasa sai shuɗin sikirin mai VIDEO_TDR_FAILURE, a ƙasa za ka ga nvlddmkm.sys in NVIDIA ne. Sau ɗaya a wata ba abin damuwa ba ne. Kullum kuwa, ko direba, ko zafi, ko wuta, ko an ƙara wa katin gudu fiye da ƙima, mayar da shi yadda yake.

Waɗansu abubuwan ma ba lalacewa ba ne, yara ne suka taɓa kibod. Sikirin ya koma fari da baƙi: Windows da Ctrl da C. Ya yi ja-ja kamar hasken fitilar ƙwai: Night light ne a kunne. Ya kife ko ya kwanta: Display orientation a saitin sikirin. Rubutu ya yi hazo-hazo: ka sa girman da aka rubuta Recommended a gabansa, in VGA ne kuma danna Auto a jikin monita. In talabijin kake amfani da ita gefen hoton ya yanke, nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung. Wanda ya sayi monita mai 144Hz kuma ya duba Advanced display, yawanci a 60 take zuwa sai ka ɗaga da kanka, sannan tsohon HDMI 1.4 ba ya kai 4K sama da 30Hz, shi ya sa linzami ke tafiya kamar mai ciwon ƙafa, koma DisplayPort ko HDMI 2.0.

Ɗigo-ɗigo, layi-layi, da zafi

In hoton na fashewa, 'yan murabba'ai masu launi, koren ɗigo, ko dogayen tsinke suna fitowa daga jikin mutane a gem, ga gwaji mai sauƙi: ɗauki sikirinshot lokacin da abin ke faruwa ka tura wayarka ka buɗe. In ɓarnar ta fito a waya, tun daga cikin kati ko direba aka yi ta. In hoton tsaf yake a waya, ka koma kan kebul da monita. Ɓarnar da ke fitowa tun a tambarin farko kafin Windows ita ce mummunar alama, don a lokacin direba bai ma tashi ba, yawanci ma'adanar katin, wato ram ɗin da ke jikinsa, ce ta fara tafiya. Layi ɗaya siriri a tsaye da ba ya motsi ko me ka buɗe kuwa gilashin monita ne.

In sai an yi minti goma ko ashirin ana gem sannan abin ke farawa, zafi ne har sai an tabbatar ba shi ba. Sauke GPU-Z ko MSI Afterburner ka sa ido a kan lambar. Digiri 65 zuwa 80 a ƙarƙashin nauyi ba laifi, in yana haura 85 yana neman 90 akwai gyara. Ka tuna a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri iskar ɗakin kanta ta kusa 40, katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai ba haka zai yi a nan ba, ga ƙurar hunturu da ke shiga tsakanin siraran ƙarafan sanyaya ta dunƙule kamar auduga ta toshe iska. Fitar da akwatin waje, ka riƙe fankar da yatsa don kar iska ta juya ta fiye da ƙima, ka hure da bulowa, ka bi da busasshen burushin fenti. Ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka ba bayansa tazara da bango. Katin da ya shekara huɗu ko biyar kuma man da ke tsakanin cif ɗinsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo, in hannunka bai saba ba ba wa mai gyara, don 'yan katifun da ke kan ma'adanar suna yagewa kuma kaurinsu sai an dace.

Za ka ga bidiyo ana gasa kati a oben ko ana hura masa wutar bindigar zafi wai ya farfaɗo. Yana iya tashi na kwanaki ko makonni, sannan ya koma, kuma masu sayar da matattun katuna da wannan dabarar suke rufe ido. Shi ya sa in za ka sayi na hannu kar ka yarda da "ga shi ya kawo hoto". A saka direba a gabanka, a buɗe gem ko manhajar gwaji irin FurMark a bar shi kamar minti 20 kana kallon zafi da hoton. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ta daina haƙa da katin girafik a watan Satumban 2022 katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 570 da 580 sun fi yawa, waɗansu lafiyarsu lau, waɗansu kuma an canza musu bayos don haƙa, su ne ke kawo Code 43 ko baƙin sikirin da zarar direba ya shiga. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 na 2010 a sake masa riga da suna a ce GTX 1050 Ti ne. Alamar farko ramin VGA a jikinsa, ta biyu ka buɗe GPU-Z: na gaske Shaders ɗinsa 768 ne, na jabun 192, kuma sau da yawa manhajar da kanta za ta rubuta FAKE a gaban sunan.

Mai laftof kuma hanyarsa gajera ce. Haɗa ta da talabijin ta HDMI ka danna Windows da P. Hoto ya fito a talabijin, to sikirin ɗin laftof ɗin ne ko siririn kebul ɗin da ya bi ta cikin mahaɗin murfi, in kana buɗe murfin kana rufewa hoton na ƙyaftawa ko yana canza launi kebul ɗin ne, kuma canza shi bai kai kuɗin sabon sikirin ba, ka sa mai gyara ya fara gwada shi tukuna. Bai fito a ko'ina ba, cire caja da batir in mai cirewa ne, danne madannin wuta daƙiƙa 30, ka sake zaunar da ram. In har yanzu shiru, aikin bod ne, domin a yawancin laftof cif ɗin girafik a like yake da madabod ba a cire shi a gida, sai ka kwashe bayananka daga had-disk ɗin kafin ka miƙa ta ga mai gyara.